Rasuwar Ido-Ɗaya, Kyamarar Gidanmu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wuyan da ya wayi gari ba abin da yake rataye da shi, nake sanar da 'yan'uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar kyamarata, wadda yaran gidanmu suka fi sani da Ido-Ɗaya. Rai ya yi halinsa da yamma, a ɗakin mahaifiyata, tana kwance a ƙirjina inda ta saba kwanciya, bayan doguwar jinya da ta jure ba ƙorafi. Ta rasu tana da shekara ashirin da 'yan kai, wanda a dangin na'ura tsufa ne tukuf. Duk wanda ta taɓa haske wa ido da fitilarta ba shiri, ko ta kama shi da loma a baki, ina roƙonsa ya yafe mata.

Ni ma'aikacin maɗaba'a ne, rabin aikina kuwa buga wa mutane irin wannan sanarwa ne. Na san inda ake sa hoton mamaci, na san kalmomin da suke sa gwaggo ta share hawaye da gefen mayafi, na san yadda ake matse sunayen jikoki in takarda ta ƙi ɗauka. Da abokin aikina mai injin yanka takarda ya leƙo ya ga abin da nake shiryawa, sai ya tuntsire da dariya har da riƙe ciki. Da ya dubi fuskata sai ya haɗiye sauran, ya koma kan injinsa, can an jima ya aiko mini da shayi. Gurbin hoton mamaci na bar shi fayau a saman takardar, domin marigayiyar ta ɗauki kowa amma ba wanda ya taɓa tunanin ɗaukarta.

Ta shigo gidanmu ne lokacin da matata take da cikin fari. Baƙa ce, mai ɗan nauyi a hannu, da 'yar lotsawa a kusurwar hagu tun ranar da ta faɗo daga kan firji. Robar bayanta ta goge ta yi sulɓi a daidai inda babban yatsana yake zama, igiyarta kuma ta sha gumin wuyana har ta sake launi. Ba ta da yawan magana. Kalmominta uku ne duk tsawon rayuwarta. In ta farka takan ce zuuu, tana miƙo idonta waje. In ta gane abin da take kallo ta ce ti-tit. In ta yanke hukunci ta ce ƙyas, kuma bayan ƙyas ba ɗaukaka ƙara.

Halayenta na kirki sun fi ƙarfin takarda ɗaya. Ba ta mantuwa, ba ta ƙara gishiri, ba ta ƙyafta ido a inda ɗan Adam zai ƙyafta. Ban taɓa ganin ta yi kuka ba, ko a asibiti. Ita ce ta koya mini ƙa'idar da duk mai ɗaukar hoto ya sani: in abu ya matso ka, kai ka ja da baya, in ba haka ba kai zai yanke ko ƙafa ta fita. Ranar da 'yata ta fari ta saki kujera ta tako da ƙafafunta, ni ta nufo, hannuwa a miƙe, baki a buɗe da 'yan haƙoranta biyu. Na ja baya kaɗan don ta cika a hoton. Ta ƙara matsowa, na ƙara ja. Ƙyas. Sannan ta kife a kan darduma, uwarta ta zo ta sure ta tana zabga mini harara. Hoton yana falonmu har yau, ba baƙon da zai gan shi bai yaba ba. Yarinyar ta girma har ta gama makarantar koyon jinya, kuma in ta gifta ta gabansa takan ce wai har yanzu tana kan hanya ba ta iso ba.

Marigayiya tana da kwarjini irin na manya. Da an ji zuuu a gidanmu, dariya takan tsaya a tsakiyar maƙogwaro. Matata ta ɓoye ludayi a bayanta, surukina ya shanye tumbi, yara su jeru kamar an kira su gaban shugaban makaranta. Hira mai daɗi da yawa ta mutu a sanadin wannan sautin, amma ta mutu kowa yana murmushi, ga shaida nan a kundi. Ni ban ga laifinta ba. Mutum ne ba ya iya zama yadda yake in ya san ana kallonsa.

Tana tare da ni a asibiti a jinyar Baba ta ƙarshe. Akwai hotonsa ɗaya da ba na nuna wa kowa. Yana kishingiɗe a kan filo, ya ɗago hannu kaɗan, bakinsa a buɗe rabi, idonsa a kaina. Magana yake mini. Ni kuma hasken ɗakin ne ya dame ni, fitilar asibiti tana mayar da fuskar mutum koriya-koriya, ina ta murɗa maɓalli ina neman gyara. Na ji muryarsa amma ban kama kalmomin ba. Da na sauke kyamarar na ce ya maimaita, ya riga ya lumshe ido, barci ya ɗauke shi, bai kuma ƙara doguwar magana ba. Na tambayi duk wanda yake ɗakin, ba wanda ya ji. Na ƙara girman hoton nan a na'urar wurin aiki har leɓensa ya cika gilashi, ko zan karanta kalmar daga yadda bakin ya tsaya. Marigayiya ta yi iya nata, ta adana bakin yadda yake, ita ba kunne gare ta ba.

Ba a rasa masu ƙananan maganganu a bayan mamaci, kuma ita tun tana da rai aka fara. Matata ta taɓa cewa in jikokinmu suka buɗe kundin hotunanmu za su ɗauka marayu ta raina. Na ce mata sharri ne, ina ciki. Na zauna na bincika don in ƙaryata ta, na kuwa samo kaina. Ga inuwata a ƙasa ranar da yara suka fara zuwa makaranta, doguwa, gwiwar hannu a ɗage. Ga kan yatsana ya leƙo a kusurwar wani hoton. Ga ni kuma sau ɗaya a madubin kabad, namiji mai riga shuɗiya, wuya da kafaɗu duk nawa ne, amma a inda fuska take sai baƙin akwati mai ido guda. Ban kai mata hotunan ba, na bar maganar ta wuce.

Babban aikin da marigayiya ta yi a ƙarshen rayuwarta, a ɗakin Umma ta yi shi. Umma tela ce, da keken ɗinki na ƙafa ta raine mu mu uku: Yaya, wadda take zaune da ita yanzu, sai ni namiji tilo, sai Auta. Bayan rasuwar Baba mantuwa ta fara shigarta sannu a hankali. Da fari almakashi aka tsinta a cikin firji, muka yi ta dariya har da ita. Daga baya ta fara tambayar ko Baba ya dawo daga aiki, dariya ta ƙare. Likita ya kira sunan ciwon, ya ce ba ya warkewa, amma a riƙa nuna mata fuskokin da ta sani, yana rage masa gudu. Ranar nan kaina ya kumbura. An daɗe ana mini tsiya a kan Ido-Ɗaya, yau ga ranarta ta zo. Na buga hotuna manya-manya a wurin aiki, na lilliƙe bangon ɗakin Umma tun daga bakin ƙofa har saman gado.

Abin ya yi amfani, ban da ƙarya. Suna ya daina zama a kan Umma, amma alama tana zama. Takan gane Yaya da wushiryarta. Auta kuma da dariyarta mai kama da shaƙuwa. Ko Baba, in yatsanta ya kai kan hotonsa, takan ce ga mai gidan nan da hularsa a karkace. Ni kuwa na bi bangon nan daga farko har ƙarshe, ban sami abin da zan nuna mata in ce ga ni ba.

Ina da tawa alamar. Ina ƙarami na rarrafa ƙarƙashin keken ɗinkinta tana cikin takawa, ƙarfen ya tsaga mini girar dama. Ta sure ni ta fita da gudu ba takalmi, tef ɗin awo yana reto a wuyanta, har shagon mai magani. Tun daga nan, duk inda na je na dawo, kafin ta amsa gaisuwata sai ta kai babban yatsanta kan tabon ta shafa, kamar mai duba ko ɗinki ya kama. Ɗan tsito take kirana, don na daɗe ban yi tsawo ba. Sunan ya ɓace da na girma, shafawar ma ta ɓace, ban lura da ranar da ta daina ba. Idon dama shi ne wanda ake mannawa a jikin kyamara, girar tana shigewa bayanta gaba ɗaya.

In na shiga ɗakin da marigayiya a wuya, Umma takan gyara ɗankwali, ta miƙe zaune, ta haɗa hannuwa a cinya. "Sannu da zuwa, Malam mai hoto," in ji ta. Sannan ta waiga wajen Yaya, "Ke, kawo wa baƙo ruwa mana." Nakan ce Umma ni ne fa. Sai ta yi mini murmushin da ake wa baƙo mai barkwanci, idonta a kan kyamarar, tana jiran ƙyas.

Wata rana ta yafito ni da hannu, ta rage murya don kada Yaya ta ji. "Malam, kai da kake yawon gari, ka taimake ni da cigiya. Ina da yaro namiji, ɗan tsito ne haka, da tabo a girarsa. Ya fita bai dawo ba. In ka gan shi ka ce uwarsa tana nemansa. Ka ce masa ba zan dake shi ba." Na ce to, zan duba. Na kuma ɗauke ta hoto tana cikin faɗa, domin hasken taga ya zauna da kyau a kumatunta.

Matata ta ce in bar kyamarar a gida ko da sau ɗaya ne. Yaya ma ta faɗa, ita da faɗa-faɗa, irin na wadda ta goya ka. Na ba su hujja mai ƙarfi, na ce lokaci yana ƙurewa, jikoki suna da haƙƙin ganin kakarsu. Hujjar gaskiya ce, amma akwai wata kwance a ƙarƙashinta. Tsoro nake ji. Uwar da ba ta san ka ba, in ka kalle ta ta cikin ɗan gilashi, 'yar ƙarama ce, kana iya matso da ita, kana iya nisanta ta, kana iya gyara mata haske. Da ido biyu kuwa ban san ko zan iya zama a ɗakin ba. Marigayiya ta rufa mini asiri, ta tsaya tsakanina da abin da ba na iya kallo, kuma ko a kan wannan kaɗai ta cancanci a buga mata sanarwa.

Ciwon ajalinta ya fara ne da batir. Ya kumbura, murfinsa ya daina rufuwa, na ɗaure shi da roba. Daga nan idonta ya fara maƙalewa a hanya, ta ce zuuu sai ta ƙarasa da krrr, kamar tsoho mai gyaran murya. Wani layi kore ya tsaga gilashin bayanta daga sama zuwa ƙasa, ya ratsa fuskar duk wanda ta kalla. Na kai ta wurin mai gyara, wanda yake da 'yar rumfa a ƙarƙashin matakalar wani bene, tebur cike da gawarwakin 'yan'uwanta. Ya buɗe ta, ya hura, ya leƙa da ɗan madubinsa, ya girgiza kai. Ya ce kamfanin ma ya daina yin kayanta, in lallaɓa ta, in daina wahalar da ita. Na ji shawarar likita na kuma ƙi bi, kamar yadda masu jinya suka saba. Washegari ma da ita na tafi ɗakin Umma.

Ranar da abin zai faru, na tashi aiki da wuri. Rana ta sunkuya, ta shigo ta labulen Umma ta kwanta a gefen gado, irin hasken da mai hoto yake roƙon Allah ya ba shi. Yaya tana kicin, ina jin ƙarar kwanuka. Umma tana zaune a bakin gado ba ta lura da shigowata ba. Tana rera wata 'yar waƙa ta hanci, wadda take yi a da in ɗinki ya miƙa, ƙafafunta biyu suna taka fedar keken ɗinki da babu ita, hannunta yana tura yadi a iska. Rabona da jin waƙar nan tun ina da ƙuruciya. Na lallaɓa na tsaya a gaban keken ɗinkin, wanda yake rufe a jikin bango an ɗora masa kwalaben magani, na ɗaga marigayiya na danna.

Ta ce zuuu. Ta ce krrr. Daga nan ba ta ƙara cewa komai ba.

Na jijjiga ta. Na cire batir na goga a riga na mayar. Na hura mata iska, na bubbuga ta a tafin hannu, har magana na yi mata ƙasa-ƙasa, na ce haba, yau kaɗai. Idonta ya tsaya rabi a waje, gilashin bayanta ya yi baƙi ƙirin, ba abin da nake gani a ciki sai wani mutum mai furfura yana leƙe. Igiyar ta dame ni, sai na zare ta daga wuyana na ajiye gawar a kan keken, a bayana. A ɗakin nan ban taɓa cire ta ba. Na ɗago kai don in ba wa Umma haƙuri, in ce yau ba hoto.

Waƙar ta tsaya. Umma tana kallona, kuma ba ta gyara ɗankwali ba. Ta dafa gado ta miƙe, ita da sai an kama ta take tashi, ta miƙo hannuwa biyu ta nufo ni. Sabo turken wawa. Ƙafata ta yi abin da aka koya mata, ta ja da baya don Umma ta cika. Sai na ji ƙarfen keken ya tokare ni a cinya, kwalaben magani suka yi ƙara. Ba wurin ja. Ta iso. Hannunta ɗaya ya riƙe mini haɓa, babban yatsan ɗayan ya hau girata ta dama, ya sami tabon ba tare da lalube ba, ya shafa.

"Ɗan tsitona," in ji ta. "Ina ka shiga haka? Na yi ta cigiyarka. Har mai hoton nan na tambaya."

Yatsana manuni ya danna iska. Na ji shi yana dannawa, sau ɗaya, sau biyu, a gefen wandona. Ba ƙyas. Fuskar da Umma ta yi a lokacin nan ba ta cikin kundi, ba ta jikin bango, ba ta cikin kowane katin ajiyar hoto. Ba ni da shaidar da zan nuna. Da Yaya ta shigo da kofi a hannu ta tarar da mu zaune a bakin gado, ni ina kuka kamar wanda aka daka, Umma tana buga bayana. Umma ta tambaye ni ko na ci abinci. Ta ja furfurar gefen kaina ta ce wa ya ba ni izinin tsufa ban gaya mata ba. Ta ce wuyan rigata ba a ɗinka shi daidai ba, in kawo ta gyara. Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba, na dai ga hasken ya bar gado ya hau bango. Sannan ta ce ta gaji, muka kwantar da ita, tana riƙe da hannun rigata har barci ya kwance yatsunta.

Washegari na koma da sassarfa, wuya ba komai. Umma ta dube ni ta kau da kai. Na matso, sai ta ja mayafi ta rufe ƙafafunta, ta kira Yaya ta ce akwai wani mutum a ɗakin. Can kuma ta tambaya, "Yau mai hoton bai zo ba? Mutumin kirki ne. Shi yake nema mini yarona." Tun daga ranar ina zuwa, ina zama. Wani lokaci takan bar ni in zauna, wani lokaci ta sa a fitar da ni. Sau ɗaya idonta ya tsaya a girata, sai kuma ya wuce zuwa labule.

Marigayiya ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaurin salatif, da jaka wadda zif ɗinta ya riga ta gidan gaskiya, da gwangwanin alewa cike da katunan ajiya, da hotuna dubbai waɗanda ita da kanta ba ta san adadinsu ba. Ta bar wani layi mai haske a bayan wuyana, inda igiya ta hana rana taɓawa. Ta bar yatsana manuni, wanda har yanzu bai yarda ta mutu ba. Ta kuma bar idona na hagu, wanda ya shekara da shekaru a rufe duk lokacin da wani abin kirki yake faruwa. Shi ne ya fi ba ni tausayi a cikin magada. An sake shi amma bai san inda za shi ba. Matata ta ce in yara suka yi abin dariya takan ga ya runtse da kansa, kafaɗata ta ɗaga, in tsaya cak ina jiran sautin da ba zai zo ba.

Sautin kuwa yana zuwa, sai dai ba lokacin da nake jira ba. A wurin aiki, tsakar rana, injin buga takarda yana ta rugugi, sai in ji ti-tit a bayan kunnena, in waiga in ga ba kowa sai tarin takardu. In matata ta kashe fitilar kicin nakan ji ƙyas. Ran nan ina tsaye a bakin titi ina jiran mota, wata tsohuwa ta riƙe fuskar jikanta tana goge masa baki, na ji zuuu a ƙirjina sarai, har na kai hannu. Abin da ya fi firgita ni shi ne fuskar Umma ta ranar nan ta fara dushewa a kaina. Jiya na kasa tuna ko ta yi murmushi kafin ta yi magana ko bayan ta yi. Ɗumin yatsanta dai yana nan a girata, shi bai tafi ko'ina ba.

Muna godiya ga waɗanda suka yi ƙoƙarin share mana hawaye. Auta ta zo da sabuwar kyamara a kwali, 'yar siririya mai ƙyalli, ta ce aro ta ba ni har in huce. Mai gyara ma ya aiko cewa ya samo wata irin marigayiya da ta faɗa ruwa, zai iya cire idonta ya dasa wa tawa. Yaya da kanta, wadda ta fi kowa faɗa a da, ta ja ni gefe ta ce ko gawar ce in riƙa ratayowa, tunda Umma tana sakin fuska da mai hoto, tana sa a ba shi ruwa, tana tambayarsa in bai zo ba. Na kwana biyu ina juya maganar nan, domin gaskiya ce. In na rataya ta, kullum za a yi mini sannu da zuwa. In na bar ta, zan iya zama har ƙarshen ran Umma ba ta ƙara kirana ba. Amma yaron da take cigiya ba zai taɓa shigowa ɗakin ba muddin mai hoto yana ciki. Na mayar wa Auta kwalinta ban ɓare ledar ba, na aika wa mai gyara godiya.

Za a yi jana'izar marigayiya ranar Asabar da hantsi, a gidana. Za a naɗe ta da wani ƙyallen atamfa daga ragowar ɗinkin Umma, tare da igiyarta da cajarta, a sa ta a ƙasan kabad, ƙarƙashin tsofaffin barguna. Matata ce za ta riƙe makullin, ta kuma yi alkawarin ba za ta ba ni ba ko na yi rantsuwa. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar gudummawar sabuwa.

Za a karɓi gaisuwa da yammacin ranar a ɗakin Umma, lokacin da rana take shigowa ta labule. Ɗakin ƙarami ne, a riƙa shiga da kaɗan-kaɗan. Akwai kwano a bakin ƙofa, kowa ya ajiye wayarsa a ciki, ba za a ɗauki hoton komai ba. Za ku same ni a kan 'yar kujera kusa da gado, na juya girata ta dama wajen taga. Kada wanda ya gaya mata ko ni wane ne, an gwada ba ya kamawa. In ta sa a fitar da ni, ku bar ni in fita, zan dawo. In kuwa Allah ya sa ta dafa gado ta miƙe da hannuwa a miƙe, kowa ya yi shiru. An matsar da keken ɗinkin zuwa lungu don masu gaisuwa su sami wuri, saboda haka bayana fili ne. In kun ga ƙafata ta fara ja da baya, don Allah wanda yake kusa ya tare ni.